Kunnen Kawu da Allurar Rikoda

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi ya riƙe ni tun ina ajin farko na firamare. Mai buga tafireta ne a ofishin gwamnati da ke Birnin Kudu. Ya fara aikin tun kafin a sauke tutar Turawa, ya ci gaba bayan an ɗaga tamu, kuma abin da ya sauya a ɗakin aikinsa hoton da ke bango ne kawai. Teburin shi ne, kujerar ita ce, keken rubutun ma shi ne: baƙi, mai nauyi, sai an kama masa ake ɗaga shi in za a share teburin.

Su huɗu ne a ɗakin, kowa da kekensa. Rufin kwano ne babu silin, ƙasa kuma daɓen siminti. Idan duka suka hau aiki lokaci ɗaya, sai ka ce ƙanƙara ce ke zuba a kan kwano. Masu jira a baranda sun san hannun Kawu ba tare da sun leƙa ba, domin shi ba ya tsayawa yana neman harafi.

Ba ya kallon takardar da yake bugawa. Idonsa na kan rubutun hannun da aka ba shi, a gefen hagu, sauran aikin kuwa na kunne ne. Akwai 'yar ƙararrawa a cikin keken, tana yin ƙara idan layi ya kusa ƙarewa. Da ta buga, sai ya ƙarasa kalmar da yake kai, ya ture sandar da hannun hagu, takarda ta dawo farkon sabon layi. Da kunne yake sanin ƙyallen tawada ya bushe, da kunne yake sanin harafi biyu sun sarƙe. Haka aka koya masa, haka ya yi ta yi shekara da shekaru.

Ni na bar gidan zuwa sakandare, daga can na samu aiki a gidan rediyo a Kano. Abin da aka fara koya mana shi ne kada mu ɗaga murya. Ka zauna, tsakaninka da makirufo kamar taƙi ɗaya, idonka a kan allurar da ke nuna ƙarfin sauti, kada ka bari ta shiga ja. Labarin rasuwa da labarin rabon takin zamani, duk da murya ɗaya ake karanta su. Na koya sosai. Har mutanen gida suka ce ko gaisuwa nake yi kamar zan ce ga kanun labarai.

A shekarun da kuɗin mai suka shigo, an mayar da Kawu Gwaram. A lokacin ne aka yi wa ma'aikata ƙarin albashin nan da kowa ya sayi wani abu da shi: wasu babur, wasu rediyo mai ɗaukar kaset, wasu suka tafi Makka. Matar Kawu, wadda nake kira Inna, ita ta ce a sayi injin niƙa. Unguwarsu babu ko ɗaya, mata na kai hatsi har bakin kasuwa. Aka kafa shi a rumfar kwano jikin zauren gidan. Kawu mutum ne mai son duk abin da ke da ƙarfe da dabara a ciki, bai kuma yarda kowa ya taɓa masa bel ba. Yana tashi daga ofis sai ya canja riga, ya ja kujera ya zauna kusa da injin, inda hannunsa zai kai ga makunni, har magariba. Ranakun da babu aiki a nan yake wuni.

Ba a gida aka fara gane kunnensa na tafiya ba. A ofis ne, a jikin takarda. Aka fara ganin wani baƙin dunƙule a ƙarshen wasu layuka, gefen dama, inda haruffa suka hau kan juna wuri guda. Ƙararrawa ta buga bai ji ba, layi ya ƙare, shi kuwa yana ta bugu. Da farko layi ɗaya a shafi, daga baya aka rasa shafin da babu. Ya yi dabaru. Ya riƙa jingina gwiwarsa da ƙafar tebur don ya ji motsin ƙararrawar a jikinsa. Ya koma yana ɗaga kai yana duba takarda, abin da ya sha yi wa sababbin akawuna dariya a kai. Saurinsa ya ragu. Ƙarshe aka ce ya huta, aka yi masa ritaya cikin mutunci. Lokacin an kawo wa ofisoshi sababbin kekuna, aka yi gwanjon tsofaffin, ya ɗauko nasa ya kawo gida.

Duk wanda ya zo yi masa jaje, magana ɗaya yake ji: tafireta ce ta cinye masa kunne. Kawu ya faɗa, Inna ta faɗa, maƙwabta suka ɗauka. Ban taɓa jin wanda ya yi musu ba, ni ma ban yi ba, don ba a tambaye ni ba.

Suna da 'ya ta ƙarshe, kowa Auta yake ce mata. A kan tsohon keken nan ta koyi bugu, kuma uban ne da kansa ya koya mata, yana rufe mata hannu da kallabi don kada ta kalli madannai. A wurinsa abin rage zaman banza ne. Ita kuwa da ta gama makaranta sai ta nemi gurbi a makarantar koyon aikin sakatare a Kano, aka ba ta. Inna ta ce ba za ta je ba. Ta ba da miji ga wannan ƙarfe, ba za ta ƙara da 'ya ba. Kawu bai ce e ba, bai ce a'a ba. Makarantar kuwa ƙa'idarta, wanda bai bayyana a makon farko ba, a ba wani gurbinsa.

Wani direban mota ɗan unguwarsu ya kawo mini saƙo har wurin aiki: Inna ta ce in zo, in taho da akwatin nan nawa mai allura. Na taɓa zuwa da rikoda wata sallah, na nuna musu yadda allurar ke motsi in mutum ya yi magana, ashe ba ta manta ba. So take in auna keken a gaban kowa, magana ta ƙare.

Kafin in tafi na tambayi injiniyanmu, na kuma tambayi wani likita da muke gayyata shirin kiwon lafiya. Abin da na fahimta daga bakinsu bai da yawa. Ƙarar da ke lalata kunne ita ce wadda sai mutum ya yi ihu kafin na kusa da shi ya ji shi, kuma ya daɗe a cikinta. Tsufa na rage ji, zazzaɓi mai tsanani na yi, wasu allurai ma na yi. Na riƙe wannan. Dama an tura ni ɗaukar shirin manoma a wajen Surko da Kangire, don haka rikodar na hannuna. Da na gama, na dawo Birnin Kudu na hau motar Gwaram.

Tun daga kan kwanar layinsu na ji injin. Da na iso, mata da kwanukan dawa da masara sun yi layi, kowa gari ya hau masa gira, kowa in zai yi magana sai ya kai baki kunnen ɗan'uwansa. Kawu na kan kujerarsa. Ya gan ni, ya miƙe, muka koma zaure. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa daidai: lafiya lau, lafiya ƙalau, aiki da godiya, iyali lafiya. Sai na lura ba ji yake ba, jerin gaisuwar ya sani, yana bin sa. Na ce masa motar da na hau ta yi faci a hanya. Ya ce, "Madalla, madalla."

Auta ce ta kawo mini ruwa. Ni ɗan mace ne, ita 'yar namiji, don haka akwai wasan taubasai tsakaninmu. Yaya take ce mini, sai in tsokana ta motsa.

"Bawana ya iso," in ji ta. "Wai kai ne alƙalin? Kai da ko kaza ba ka iya kora da murya?"

"Ni ba alƙali ba ne. Awo aka ce in yi."

"To ka auna da kyau. Za a buɗe makaranta ranar Litinin mai zuwa. Na wanke kayana, na goge, suna cikin akwati, Inna ta ɗora tukwane a kai."

"Kin yi wa Kawu magana?"

"Baba? In na fara sai ya ce bai ji ba. Wannan kam na san yana ji."

Washegari da hantsi, kafin a tada inji, aka shimfiɗa tabarma a zaure, aka fito da keken aka ɗora a kan ƙaramin tebur. Inna ta zauna bakin ƙofar da ke shiga cikin gida. Na yi bayani tukuna, don kada a ɗora wa allurar abin da ba za ta iya ba. Na ce wannan ba na'urar likita ba ce. Abin da za ta nuna shi ne wace ƙara ta fi wace, muddin na bar maɓallin ƙarfin sauti a wuri ɗaya, na kuma riƙe makirufo daidai inda kunnen mutum yake.

Kawu na kallon bakina. Ya juya ga Auta ya ce, da ƙarfi irin na wanda ba ya jin kansa, "Me yake cewa?"

Na sake faɗa, na ɗan ƙara murya. Bai ji ba. Na gwada ihu, abin ya fito wani iri, ni kaina ban gane muryar ba, kuma bai ji ba duk da haka.

"Bari, Yaya, kada ka ji wa kanka ciwo," in ji Auta. Ta ja keken gabanta, ta sa takarda. "Faɗi, in buga masa. Haka muke yi in maganar mai tsawo ce."

Na faɗa, ta buga. Idonta na kaina, ba ta kalli hannunta ba ko sau ɗaya. Ƙararrawa ta buga, ta ture sanda. Ta zare takardar ta miƙa wa uban. Ya sa tabarau ya karanta, ya bi gefen dama da yatsa daga sama har ƙasa, sannan ya nuna mata wani wuri inda ta bar fili biyu bayan waƙafi. Ta ce to. Ya gyaɗa kai, ya karɓi keken.

Na tsaya bayansa, na riƙe makirufo dab da kunnensa na dama, na ajiye rikodar inda kowa zai ga allurar. Ya fara bugu. Allurar ta riƙa tsalle tana faɗuwa, tsalle tana faɗuwa, ba ta kai ko tsakiya ba.

"Ya aka yi? Me ta ce?" in ji Inna daga bakin ƙofa.

Maganarta ta kai allurar gaba da inda keken ya kai ta. Auta ta fashe da dariya.

"Inna, wallahi kin fi tafireta!"

"Rufe mini baki, mara kunya. Ai su huɗu ne a ɗakin, ba shi kaɗai ba."

Na ce gaskiya ne. Huɗu sun fi ɗaya ƙara, rufin kwano ma na ƙarawa. Amma na sha shiga ɗakin nan ina yaro, kuma ana magana a ciki ana ji, ba sai an yi ihu ba.

Kawu bai ji wannan ba, allurar yake kallo. Ya ƙara ƙarfin hannu. Ya riƙa dukan madannan har teburin na girgiza, haruffa na huda takarda. Allurar ta ɗan ƙara gaba, ta tsaya wajen tsakiya. Sai ya miƙo hannu ya kama wuyan hannuna, ya ja makirufon ya cusa shi cikin keken, inda sandunan haruffa ke tashi, ya buga da hannu ɗaya. Allurar ta taɓa ja. Ya ɗago ya dube ni.

Na ce wa Auta ta buga masa: Kawu, ba nan kunnenka yake zama ba.

Ta buga. Ya karanta. Ya saki hannuna.

"To a kai ta wurin inji mana," in ji Auta.

"Inji kuma me ya yi?" Inna ta ce. "Shi aka kira shi ya auna? Injin da ke ciyar da ku? Jiya-jiyan nan aka kafa shi, ubanki kuwa tun kafin a haife ki yake cikin wancan ƙarfen."

Ni dama na yi niyyar aunawa tun jiya da na ji shi daga kwanar layi, ina neman yadda zan kawo maganar ne. Ban kai ga kawowa ba. Kawu ya ga inda Auta ta nuna da hannu. Ya tashi, ya rataya rikodar a kafaɗarsa kamar jakar makaranta, ya karɓi makirufon daga hannuna, ya fita. Muka bi shi. Inna ta tsaya a bakin zaure.

Ya ba ni rikodar na riƙe, ya juya hannun injin har ya kama, ya ɗora bel, ya zuba ragowar masarar da ke cikin wani kwano. Sannan ya karɓi kayan, ya zauna a kujerarsa, ya ɗaga makirufon ya riƙe a gefen kunnensa kamar yadda ya ga na yi. Allurar ta tafi ƙarshen ja ta kwanta. Ba ta yi tsalle ba, ba ta dawo ba. Ya ƙwanƙwasa gilashin da farce ko ta maƙale ne. Ba ta motsa ba.

Ya miƙe, ya fara ja da baya, idonsa a kan allurar. Ya fita daga rumfar. Ya wuce inda mata ke layi. Ya tsallaka hanya, wani mai keke ya kauce masa yana faɗa, bai ji ba. Sai da ya kai gindin darbejiyar da ke ɗaya gefen, jikin katangar maƙwabci, sannan allurar ta sauko inda keken rubutu ya kai ta. Ya tsaya nan. Ya daɗe a tsaye, makirufo a kunne, yana kallon rumfarsa daga nesa. Ni da Auta muna tsaye a rana. Ban ji komai a raina ba a lokacin, sai tunanin batirin rikodar, don na san ba a samun irinsa a Gwaram.

Ya dawo ya kashe injin. Muka koma zaure, kowa ya zauna inda ya tashi.

Inna ce ta fara. Muryarta ta sauka.

"Ɗan nan, allurarka minti nawa ta saurara? Kunnen kawunka shekara nawa ya yi yana saurare? Abu kaɗan-kaɗan kullum ba ya taruwa?"

Na ce daɗewa na da tasiri, amma sai ƙarar ta kai wani matsayi tukuna. Abin da na gani, keken bai kai ba, injin ya wuce nesa. Auta na bugawa, don uban ya bi maganar.

"A asibiti ka yi karatu?"

"A'a, Inna."

"To. Ni abu ɗaya nake so. Za ka iya rantsuwa da Allah cewa tafireta ba ta sa komai a kurumtar nan ba? Ko kaɗan?"

Na yi tunani. Na ce ba zan iya rantsuwa ba. Ban auna kunnensa yana saurayi ba, ban auna ɗakin nan na Birnin Kudu da kekuna huɗu ba, ga shekaru, ga zazzaɓin da ya yi fama da shi wata damina. Abin da zan iya cewa, in 'yata ce zan bar ta ta tafi ba tare da fargaba ba, injin kuma ba zan bar kowa ya wuni kusa da shi ba.

"Kun ji," in ji Inna. "Ba zai rantse ba."

Auta ta tsayar da hannu. Ta dube ni.

"Yaya, har wannan zan buga?"

"Buga duka, yadda na faɗa."

Ta buga duka. Ba ta rage ba, ba ta ƙara ba, na karanta a kan kafaɗarta. Ta miƙa wa uban. Ya karanta a hankali, leɓensa na motsi, ya koma farko ya sake. Wannan karon bai bi gefen takardar da yatsa ba. Ya ninke ta ya sa a aljihu.

"Allah ya yi maka albarka," ya ce da ni. "A kawo masa abinci."

Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, na ci. Mata suka fara taruwa da kwanukansu, suna leƙe, suna tambaya ko inji ya lalace ne. Inna ta ce musu lafiyarsa lau, su ɗan jira. Kawu bai fita ba sai da aka yi azahar. Ya tada injin, ya niƙa na waɗanda ke jira, a tsaye, yana gamawa ya kashe.

Bayan la'asar ya kira mu. Bai zauna ba. Ya ce, da muryarsa mai cika zaure, har na waje na ji:

"Maganar Kano, bana dai a bari. Allah ya kai mu baɗi."

Inna ta ce amin. Auta ba ta yi kuka ba. Ta ɗauko mayafin keken ta rufe shi, ta gyara kusurwoyin, ta ɗauki kwanon da na ci abinci ta shiga ciki.

Da safe ita ta raka ni tasha, ta ɗaukar mini rikodar. Muna jiran mota ta cika, ta ce in kunna mata abin da aka ɗauka jiya. Na ce yawanci ƙarar inji ce. Ta ce ba wannan ba, wurin da take bugu. Na nemo wurin, na ba ta abin sawa a kunne. Ta saurara, kanta a sunkuye, yatsunta na ɗan motsi a kan cinyarta.

"Ashe haka nake," ta ce. "Ba laifi."

"Ba laifi kam."

"Bawana, kai ko gidanku ne ke cin wuta, haka za ka faɗa a rediyo, a hankali?"

"Haka aka koya mini."

"To a gaida mutanen Kano."

Ta miƙo mini kayan, ta juya. Kwandasta ya ɗora rikodar a cinyata ya ce in riƙe da kyau, hanya ba ta da daɗi.

Da na koma bayan wasu watanni, kujerar Kawu na gindin darbejiyar nan, ɗaya gefen hanya. An ɗauki wani magidanci daga ƙauye yana kula da injin, kuma Kawu ya sa masa doka: ba ya tada shi sai ya toshe kunne da auduga, in ya niƙa na mutum kaɗan ya kashe ya fito ya sha iska. Daga inda yake zaune yake lura, in ya ga an saɓa ya ɗaga sanda. Babu wanda ya ce mini ga dalili, ni ma ban tambaya ba. Ina zaune kusa da shi wani tsohon abokin aikinsa ya zo wucewa daga Birnin Kudu, ya tsaya suka gaisa, ya nuna kunne yana tambaya da hannu. Kawu ya ce, "Tafireta ce, Malam. Aikin gwamnati ne ya ci. Tun zamanin Turawa nake bugu." Yana faɗa bai kalle ni ba.

Na sha juya abin a raina, ba da zafi ba, kamar yadda mutum ke sake duba labarin da ya riga ya karanta. Ya yarda da allurar, kujerar ta nuna haka. Amma kujera ana iya matsar da ita ba a ce komai ba. Tura Auta Kano kuwa magana ce da duk unguwa za ta ji: cewa kunnen da ya ce ya bayar a bakin aiki, a rumfar ƙofar gidansa ya bar shi, cikin 'yan shekaru, kuma matarsa ce ta kawo shawarar. Da wannan zai kwana, da wannan Inna za ta kwana. Ban san ko haka ya lissafa ba. Bai taɓa gaya mini ba.

Baɗi ta zo, ba wanda ya tada maganar. Gurbin an riga an ba wata. Lokacin gwamnati na neman malaman firamare ido rufe, saboda an ce kowane yaro ya shiga makaranta, sai Auta ta shiga horon malanta. Wannan Inna ba ta hana ba, alli ba ya ƙara. Aka tura ta Zandam, ta yi aure a can, ta koyar har ta yi ritaya. Ban ƙara ganin ta a gaban keken rubutu ba. Bayan rasuwar Kawu an ba wani mai rubuta wa mutane takardun koke a bakin kotu keken, ban san inda ya ƙare ba.

Inna ta yi tsawon rai. Duk lokacin da muka haɗu a gidan, ni da Auta, wajen suna ko ta'aziyya, sai ta yi wa Auta magana ƙasa-ƙasa daga nesa, da gangan. Auta ta amsa. Sai Inna ta juyo gare ni.

"Ka gani? Ko allura ta faɗi tana ji. Da mun bar ta ta tafi fa?"

Auta ta ci gaba da abin da take yi. Ni kuma in ce haka ne, Inna, kunnenta lafiya lau.